Shin Ikilisiyar Katolika tana bin zamani, kuma ya kamata ta bi?

Wani ɗalibi ɗan Katolika ya aiko mini da tambaya daga jami'a. Abokin ɗakinsa, Musulmi, ya tare shi da cewa: in dai addininku gaskiya ne, me ya sa kuke ta sauya shi? Da da Latinanci kuke sujada, yau ga ku da Hausa da ganguna. Da Fafaroma yana la'antar 'yancin addini, yau shi ne kan gaba wajen kare shi. Ɗalibin ya ce ya rasa abin faɗa, ga shi kuma shi kansa wani lokaci yana ganin Ikilisiya ba ta ma sauya yadda ya kamata ba, musamman a kan matsayin mata da auren limamai. Ya rufe da cewa: Malam, addini ya kamata ya bi zamani ko a'a?

Ɗan'uwa, abokinka bai yi maka ƙarya ba, kuma kada ka fara da musu. Na daɗe ina koyar da tarihin Ikilisiya, na ga yadda 'yan Katolika da yawa ke kare addininsu da cewa babu abin da ya taɓa sauyawa. Wanda ya karanta tarihi kaɗan zai kama ka a kan wannan magana.

A shekarar 1864 Fafaroma Piyus na 9 ya fitar da jerin maganganu 80 da ya ce kurakurai ne. A cikinsu akwai cewa a raba Ikilisiya da gwamnati, da cewa kowane mutum yana da 'yancin rungumar addinin da hankalinsa ya nuna masa shi ne gaskiya. Ta tamanin ɗin ita ce ta fi shahara: wai Fafaroma zai iya, kuma ya kamata, ya sasanta da ci gaba da wayewar zamani. Piyus ya ce wannan ma kuskure ne. Bayan shekara 101, ranar 7 ga Disamba 1965, bishof-bishof na duniya da suka taru a Roma suka amince, da ƙuri'a 2,308 a kan 70, cewa kowane ɗan Adam yana da haƙƙin kada a tilasta masa a sha'anin addini, ko daga gwamnati ko daga wani mutum. Ajiye takardun nan biyu gefe da gefe, za ka ga abin da abokinka ya gani.

Sai dai ka san irin zamanin da Piyus yake ƙi. Juyin juya halin Faransa na 1789 ya ƙwace dukiyar Ikilisiya, ya kashe limamai, ya rufe majami'u da sunan hankali da 'yanci. A lokacin Piyus kansa ana ta yanke ƙasashen da Fafaroma ke mulka a Italiya, har sojoji suka shiga birnin Roma a 1870. Wanda aka shigo masa gida da wuta da sunan wayewa, ba abin mamaki ba ne ya rufe ƙofa ya sa sakata. Ƙofar ta daɗe a rufe. A 1907 Piyus na 10 ya la'anci abin da ya kira aƙidar zamananci, a 1910 kuma ya wajabta wa limamai da malaman tauhidi rantsuwar ƙin ta. Ba a janye rantsuwar ba sai 1967. An kare wasu abubuwa masu daraja da wannan tsauri, an kuma zalunci malamai masu tsoron Allah waɗanda laifinsu kawai tambaya.

Wanda ya zare sakatar tsoho ne da ba a zaci komai daga gare shi ba. An zaɓi Yohanna na 23 a 1958 yana da shekara 76, da tunanin zai riƙe kujerar na ɗan lokaci. Wata uku da hawansa, ranar 25 ga Janairu 1959, ya ba da sanarwar babban taro na dukan Ikilisiya. Taron Vatikan na Biyu ya buɗe ranar 11 ga Oktoba 1962, bishof-bishof fiye da 2,000 suka halarta, aka rufe shi ranar 8 ga Disamba 1965 a hannun Bulus na 6, domin Yohanna ya rasu a 1963. A jawabinsa na buɗewa ya faɗi abin da ya zama mabuɗin taron gaba ɗaya: amanar bangaskiya da aka damƙa wa Ikilisiya abu ɗaya ne, yadda ake bayyana ta kuma abu ne dabam.

Kalmomi biyu suka yi yawo a taron. Ta farko ta Italiyanci ce, aggiornamento, wato daidaita abu da ranar da ake ciki. Ita 'yan jarida suka ɗauka, ita ce kuma ta sa mutane ke ganin taron bin zamani ne kawai. Ta biyu ta Faransanci ce, ressourcement, komawa mafarin ruwa. A ganina ita ce ta yi aikin. Malamai irin su Yves Congar da Henri de Lubac sun shafe shekaru suna tono Littafi Mai Tsarki da rubuce-rubucen iyayen Ikilisiya na ƙarnonin farko, suka gano cewa abubuwa da dama da ake kira al'adar Ikilisiya tun fil'azal shekarunsu ba su wuce ɗari huɗu ba, daga Taron Tirent na 1545 zuwa 1563 suka kafu. A shekarun 1950 an hana su biyun koyarwa. A shekarun 1960 aka kira su Roma su zama masu ba taron shawara. Daga baya duka biyun an naɗa su kadinal.

Ɗauki zancen Latinanci, tunda da shi abokinka ya fara. Yesu bai yi Latinanci da almajiransa ba. Kiristocin farko na birnin Roma da Helenanci suke sujada, shi ne kuma harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi. Sun koma Latinanci ne a wajen ƙarni na 3 zuwa na 4, saboda talakan Roma ya daina jin Helenanci. Ashe Latinanci ya shiga sujada ne a matsayin harshen kasuwa, kamar yadda Hausa take a Jos ko Zuru ko Kafanchan. Da zamani ya yi nisa, jama'a suka daina jin sa, shi kuwa ya zauna a bagadi. Takardar da taron ya fitar kan sujada a Disamba 1963 ba ta ma kori Latinanci ba, ta ce a kiyaye shi, amma ta buɗe hanya ga harsunan mutane, sabon littafin Mas (babbar sujadar Katolika) na Bulus na 6 kuma ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1960.

Kakata ta riski wancan lokaci. Takan ba mu labarin yadda Fada ke fuskantar bagadi ya ba su baya, yana magana ƙasa-ƙasa da harshen da ko katikis bai gama ji ba, su kuwa mata suna jan rosari har a kaɗa ƙararrawa su durƙusa. Ba ta taɓa raina wancan ba, takan ce akwai kwarjini. Amma ranar da ta fara jin kalmomin keɓe gurasa da Hausa, ta ce ta yi kuka, domin shekara da shekaru tana durƙusa wa maganar da ba ta san ma'anarta ba. Mishan ɗin Katolika na farko a arewacin kogunan Neja da Binuwai ya kafu a Shendam a 1907. Ka lissafa yawan mutanen da suka rayu suka mutu a tsakanin nan da Mas ɗin Hausa. Yau in ka ji Zumuntar Mata sun ɗauki waƙa da tulu da kacau-kacau, ka sani hanyar da taron ya buɗe ce. Bulus na 6 ya faɗa wa bishof-bishof na Afirka a Kamfala a 1969 cewa suna iya samun Kiristanci na Afirka, kuma dole ne su same shi. A 1988 Roma ta amince da tsarin Mas na ƙasar Zayar, Kwango ta yau, mai rawa da kiran kakanni na gari.

Wannan gardama ta girmi Taron Vatikan na Biyu nesa ba kusa ba. Buɗe Ayyukan Manzanni sura 15. Waɗansu suka ce wanda ba Bayahude ba sai ya yi kaciya ya bi Shari'ar Musa kafin ya sami ceto. Suna da nassi a hannunsu, suna da al'adar shekaru fiye da dubu. Bitrus da Bulus da Yakubu suka zauna a Urushalima, aka yi muhawara mai zafi, aka yanke cewa kada a ɗora wa al'ummai wannan kaya. Da masu riƙe tsohuwar hanya sun ci a ranar, da ni da kai ba mu ji Bishara ba.

An taɓa yin irin wannan zama, aka yanke akasin haka, kuma an biya farashi. Matteo Ricci, limamin ƙungiyar Jesuit da ya rasu a Beijing a 1610, ya koyi harshen Sin, ya sa tufafin malamansu, ya ce girmamawar da Sinawa ke yi wa kakanni da babban malaminsu Confucius al'ada ce ta ladabi wadda Kirista zai iya yi. Waɗansu mishan suka kai ƙara cewa bautar gumaka ce. Roma ta haramta a 1704, ta nanata a 1715, ta rufe maganar a 1742. Sarkin Sin Kangxi, wanda da yake maraba da mishan, ya fusata ya hana wa'azinsu. Sai a 1939 Piyus na 12 ya janye haramcin. Kusan shekara ɗari biyu aka ɓata saboda an ɗauki rigar Turai a matsayin jikin addini. Duk lokacin da na ji wani yana cewa tsauri ba ya taɓa jawo asara, wannan labari nake tunawa.

Zuwa nan maganar tana da sauƙi, domin harshe da kiɗa da tufafi riga ne, kuma Bahaushe ya riga ya ce zamani riga. Wahalar tana wajen 'yancin addini, domin wannan koyarwa ce. Tsohuwar hujja ita ce ɓata ba ta da haƙƙi, saboda haka ƙasar Katolika tana iya danne sauran addinai, in ta ƙyale su to haƙuri ne kawai. Taron ya dubi abin ta wata fuska: haƙƙi na mutum ne, kuma mutum ba ya rasa darajar da Allah ya ba shi don ya yi kuskure. Ikilisiya ba ta janye da'awarta cewa gaskiya tana wurinta ba. Abin da ta sauke shi ne sandar gwamnati. Ta dogara da wata koyarwa da take da ita tun farko, cewa bangaskiyar dole ba bangaskiya ba ce, koyarwar da Kiristocin farko suka yi ta faɗa wa sarakunan Roma lokacin da su ake tsananta wa. Su wa suka tura wannan a taron? Bishof-bishof na Amurka, da suka ga Ikilisiya ta bunƙasa ba tare da gatan gwamnati ba, da na ƙasashen Kwaminisanci irin su Karol Wojtyła na Folan, wanda daga baya ya zama Fafaroma Yohanna Bulus na 2, da suka ɗanɗana yadda yake in gwamnati ta mallaki lamirin mutum. Zamani ne ya tashe ta daga barci, amma abin da ta gani da ta farka nata ne tun asali.

Duk da haka sauyi ne, kuma wasu ba su yarda ba. Akbishof Marcel Lefebvre, Bafaranshe da ya daɗe yana aiki a Afirka har ya zama akbishof na Dakar, ya ce taron ya ci amanar magabata. Ya kafa ƙungiyarsa a 1970, a 1988 ya naɗa bishof huɗu ba da izinin Fafaroma ba, aka yanke shi daga tarayyar Ikilisiya. Ban yarda da shi ba, amma ba na yi masa kallon wawa. Ya ga bambanci na gaske tsakanin 1864 da 1965. Fafaroma Benedik na 16 ma, a jawabinsa na Disamba 2005, bai ɓoye bambancin ba. Ya ce gyara na gaskiya yana haɗa ɗorewa da yankewa a matakai dabam-dabam: ƙa'ida tana nan, hukuncin da aka gina a kanta don wani yanayi na tarihi yana iya faɗuwa.

Akwai wuraren da ma kalmar gyara ta yi kaɗan, sai dai tuba. A 1452 Fafaroma Nikolas na 5 ya ba sarkin Fotugal izinin yaƙar Musulmi da arna da mayar da su bayi har abada. Yammacin Afirka ya san abin da ya biyo baya. A 1839 Giregori na 16 ya la'anci cinikin bayi, a 1992 kuma Yohanna Bulus na 2 ya tsaya a tsibirin Gore na Senegal ya nemi gafara. A shekarar nan dai ya amsa cewa alƙalan Ikilisiya da suka hukunta masanin taurari Galileo a 1633 sun yi kuskure. Ƙasar Fafaroma tana zartar da hukuncin kisa har 1870, a 2018 kuwa Fafaroma Faransis ya sauya sakin layi na 2267 na Katekizim, littafin koyarwar Ikilisiya, ya ce hukuncin kisa ba abin karɓa ba ne.

Ga abin da za ka kai wa abokin ɗakinka musamman. Ranar 28 ga Oktoba 1965 taron ya fitar da gajeriyar takarda mai suna Nostra Aetate. Sashenta na uku ya ce Ikilisiya tana duban Musulmi da girmamawa, masu bauta wa Allah ɗaya, rayayye, mai jinƙai, mai iko duka, mahaliccin sama da ƙasa, masu girmama Yesu a matsayin annabi da uwarsa Maryamu, masu jiran ranar hisabi, masu salla da zakka da azumi. Ta roƙi ɓangarorin biyu su bar abin da ya wuce su yi aiki tare don adalci da zaman lafiya. Ikilisiyar da ta taɓa kiran yaƙin 'yan Salibiyya ce ta rubuta wannan. Francis Arinze, ɗan Najeriya, ya halarci zaman ƙarshe na taron yana da shekara 32, shi ne bishof mafi ƙarancin shekaru a lokacin, daga baya kuma ya shugabanci ofishin Vatikan na hulɗa da sauran addinai tun daga 1984 har 2002. Mu da muke zaune a garuruwan da aka taɓa ƙona masallaci da coci a rana ɗaya, ba ma ɗaukar wannan sashe da wasa. Da Ikilisiya ta ƙi sauya harshenta a kan maƙwabcinmu, da mu za mu biya.

Abokinka ma yana da kalmomin da zai auna wannan da su. Musulmi sun bambanta tajdidi da bidi'a: ɗaya sabunta addini ta komawa ga tushe, ɗaya cusa masa abin da ba nasa ba. Hanyoyinmu na yanke hukunci ba ɗaya ba ne, ba kuma zan yi magana da bakin malamansu ba. Amma tambayar da ake yi wa kowane sabon abu iri ɗaya ce, kuma in ka faɗa masa da waɗannan kalmomi zai gane abin da Vatikan ta Biyu ta ce tana yi, ko da bai yarda ta yi daidai ba.

To, amsata ga tambayarka kai tsaye: addini ya saurari zamani da kunne biyu, amma kada ya naɗa shi alƙali. Dalilina tarihi ne. A farkon ƙarni na 20, ra'ayin masu ilimi a Turai da Amurka shi ne a inganta irin ɗan Adam ta hana nakasassu da masu taɓin hankali haihuwa. Jami'o'i sun koyar, majalisu sun yi doka, Kotun Ƙolin Amurka ta halatta a 1927. Wannan shi ne ci gaba a lokacin. Piyus na 11 ya la'anci abin a 1930, aka ce Ikilisiya ta tsaya a baya. A 1941, da gwamnatin Hitila ke kashe marasa lafiya a asibitoci, Bishof von Galen na Munsta ya hau mumbari ya tona asirin. Wa ke jin kunya yau? Haka ma a 1891, da Liyo na 13 ya yi rubutu kan halin ma'aikatan masana'antu, ya nemi albashin da zai riƙe iyali da 'yancin kafa ƙungiyar ƙwadago, ya tsawata wa masu jari, ya kuma ƙi gurguzu. Bai bi ko ɗaya daga manyan raƙuman zamaninsa ba. Fafaroma na yanzu, Liyo na 14, da aka zaɓa a Mayu 2025, ya ce saboda shi ya ɗauki sunan, domin ƙirƙirarriyar basira ta kwamfuta tana kawo wa ma'aikaci irin waccan barazana.

Masu cewa in Ikilisiya ta sassauta mutane za su dawo, su dubi Jamus. A 2022 mutum fiye da rabin miliyan suka fita daga Ikilisiyar Katolika a can a hukumance. Masu neman sauyi suka ce tsaurinta ne ya kore su. Amma cocin Furotesta na ƙasar, mai fastoci mata da fastoci masu aure, wanda ya karɓi kusan duk abin da ake nema, shi ma ya rasa dubban ɗaruruwa a shekarar. Masu ɗora wa Vatikan ta Biyu laifin kujerun da suka zama wayam a Turai su ma su bayyana mana yadda taron nan ɗaya ya zo daidai da cikar majami'u a Afirka, inda yanzu kusan kashi ɗaya cikin biyar na Katolika biliyan 1.4 suke.

Wannan ya kawo tambayar da ba a cika yi ba: zamanin wa? A Disamba 2023 Vatikan ta fitar da takarda mai ba limamai damar sa albarka, ba ta aure ba, ga mutanen da ke zaman da Ikilisiya ba ta ɗauka aure ba, har da masu jinsi ɗaya. Bayan mako uku da 'yan kwanaki, a Janairu 2024, Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa ya sanar da sunan bishof-bishof na Afirka cewa ba za a yi haka a nahiyar ba, kuma Roma ta bar su. Abin da ake kira zamani a Balin ba shi ne zamani a Kaduna ba. Sai dai kada mu 'yan Afirka mu yi saurin yaba kanmu. Muna da namu zamanin da ke shigowa coci ta ƙofar baya: wa'azin arziki, neman mu'ujiza kamar kayan kasuwa, kujerar gaba ga mai kuɗi, da ƙabilanci. A dayosis (yankin da bishof ke kula da shi) na Ahiara a jihar Imo, limamai da jama'a sun ƙi bishof ɗin da aka naɗa musu a 2012 saboda ba ɗan yankinsu ba ne, aka yi ta ja har ya ajiye muƙamin a 2018. Wannan ma bin zamani ne, namu na gida, kuma ba na ganin ya fi na Turawa tsabta.

Kan auren limamai, ka sani doka ce ta Ikilisiyar Yamma, ba aƙida ba. Bitrus yana da suruka, Markus ya faɗa a surarsa ta farko. Taron Lateran na Biyu a 1139 ne ya ce auren limami ba ya ɗauruwa. Har yau Katolikan Gabas, irin su Maroniyawan Lebanon da na Yukiren, suna da limamai masu iyali kuma suna ƙarƙashin Fafaroma. Taron bishof-bishof kan yankin Amazon a 2019 ya ba da shawarar a naɗa dattawa masu aure a wuraren da limami ba ya isa, Faransis bai ɗauka ba. Ni ina ganin darajar rashin aure saboda Mulkin Allah, na ga limaman da ya 'yantar da su suka zauna a inda mai iyali zai yi tunani biyu. Amma na kuma san ƙauyukan da katikis ne ke riƙe da su shekara da shekaru, Fada kuwa sai bayan watanni, in damina ta bar hanya. Jama'ar da ba ta samun Jibin Ubangiji ta fi damuna a kan dokar 1139. Naɗa mata limamai dabam ne: Yohanna Bulus na 2 ya ce a 1994 Ikilisiya ba ta da ikon yin haka, magadansa kuma sun tsaya a kai. Abin da ya motsa shi ne mulki. A Oktoba 2023 mata suka yi ƙuri'a karon farko a taron bishof-bishof, a Janairu 2025 kuma aka naɗa Sista Simona Brambilla shugabar wata babbar ma'aikatar Vatikan. A yawancin majami'unmu mata ne suka fi yawa, su ke tara kuɗi, su ke share coci, su ke koya wa yara addu'a, sannan a yanke shawara ba su. Wannan ba ya bukatar izinin Roma kafin a gyara.

Gyaran da ya fi kowanne gaggawa kuwa ba ya cikin jerin da ka aiko, kuma a nan duniya ce ta yi gaskiya, Ikilisiya ta yi laifi. A 2002 'yan jarida a Boston suka tona yadda limamai suka lalata yara, shugabanninsu kuma suka riƙa sauya musu wurin aiki maimakon kai su ga hukuma. Abin ya fashe a Ailan, Ostireliya, Chile, Jamus. A Faransa, hukumar bincike mai zaman kanta ta ƙiyasta a 2021 cewa yara kimanin 216,000 ne limamai da 'yan zuhudu suka ci zarafinsu tun 1950. Babu aƙidar Katolika da ta halatta wannan. Abin da ya ba shi mafaka shi ne al'adar ɗaukar limami sama da tambaya da fifita sunan Ikilisiya a kan hawayen yaro. Waɗanda aka cuta, da 'yan jarida, da kotuna, su suka tilasta gyara, har Faransis ya kafa dokar 2019 da ta wajabta kai rahoto ta kuma buɗe hanyar binciken bishof da kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A ƙasashenmu, inda ake jin nauyin Fada kamar uba, shirun da ake yi ba ya kwantar mini da hankali. Ina so in ga kowace majami'a tana da kwamitin kuɗi mai karanta lissafi a gaban jama'a, da wurin da yarinya ko yaro zai kai kuka ba tare da an ce ya ɓata sunan coci ba.

Akwai kuma tambayar da take tamu, wadda Turai ba za ta yi mana ba. Mutum mai mata biyu ko uku ya ji Bishara ya nemi baftisma. Dokar Ikilisiya, sashe na 1148, ta ce ya zauna da ɗaya, ya sallami sauran, ya kuma kula da bukatunsu bisa adalci. A takarda magana ce gajeriya. A ƙauye, mace ce da ta yi shekara talatin a gida, ta haifi 'ya'ya, ba ta yi laifin komai ba, za a ce ta zama ba matar kowa ba. Taron bishof-bishof da aka yi a Roma a 2023 ya nemi bishof-bishof na Afirka su zurfafa nazari a kan wannan. Na yarda da koyarwar Yesu cewa aure na mutum biyu ne, ba na neman a taɓa ta. Abin da nake nema shi ne hanyar da ba za ta sa shigar miji cikin Ikilisiya ta zama fitar matarsa daga gida ba.

Na san wani dattijo a wata ƙaramar majami'a da na yi aiki. Ya fi shekara ashirin yana zuwa kowace Lahadi, yana zama a bencin baya. Ya haddace katekizim fiye da waɗanda aka yi wa baftisma suna jarirai, 'ya'yansa duka sun karɓi Jibi a gabansa. Da aka ce ya zaɓi ɗaya cikin matansa biyu, ya ce ba zai sayi ruwan baftisma da hawayen uwar 'ya'yansa ba. An yi masa baftisma ne bayan uwargidan ta rasu, yana tafiya da sanda, amaryar tasa da ita ma ta tsufa tana riƙe da hannunsa har gaban bagadi.